Fitilar Gwajin Baba

Wadda ta turo min saƙo tana cewa na cika kuka a labarin nan, 'yar'uwa sai dai ki yi haƙuri, yau ma babu dariya da yawa. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni kuwa, ni ce yarinyar nan da ke aiki a garejin mahaifinta. Baba mai gyaran wutar mota ne, shekara talatin da huɗu yana kan sana'ar, garejin kuma manne yake da gidanmu, ƙofa ɗaya ce tsakani. 'Ya'yansa biyar, duk mata, ni ce ƙarama, ni kaɗai ce kuma na ɗauki filaya. Shi Injiniya yake ce min. Umma tana ce min Auta idan ranta fari ne, idan ya ɓaci kuwa sai in koma "ke mai baƙin farce."

Wanda nake so malamin lissafi ne a sakandare, kowa Ticha yake ce masa. Shekararmu biyu, bai taɓa kallon farcena ya yamutsa fuska ba. Matsalar ita ce mahaifinsa, tsohon hedimasta. Bai ce a'a ba, amma ya ce shi bai gane ba, wannan sana'a ce ta gaske ko yarinya ce kawai take wasa a inuwar ubanta. Wata bakwai muna jiran ya sa ranar da zai zo wurin Baba a yi maganar aure. Wata bakwai Umma tana tambayata kullum da safe kamar ni na ɓoye shi a aljihu.

Sai Ticha ya zo da dabara. Akwai motar mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, wata tsohuwa ruwan toka da Hedimasta ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kanta. Injinta ya mutu bara, aka sa mata wani sabo, tun daga nan ba ta sake tafiya daidai ba. Yau ta tashi, gobe ta ƙi. Gareji uku suka gwada suka gaza. Ticha ya yi ta lallashi har tsohon ya yarda a kawo min.

"Idan kika tayar da ita," in ji shi a waya, "wallahi Abba da ƙafarsa zai zo."

Na ce, "Idan kuma na kasa?"

"Sai in auri motar."

Bari in yi muku bayanin ciwonta a gajarce, kada ku gudu. Motocin da ba su da kabireta suna da wani ɗan akwati a ƙarƙashin dashbod, muna ce masa ƙwaƙwalwa. Ita ke gaya wa nozul lokacin da za su fesa mai cikin inji, ta hanyar ɗan bugun wuta da take aikawa ta wata siririyar waya. Tsohuwar ƙwaƙwalwar motar nan bugunta biyar ne idan ka auna a mita. Akwatin da ke buɗe nozul ɗin sabon injin kuwa ba ya ji sai wutar ta kai sha biyu. Sauran masu gyara duk cewa suka yi a canza ƙwaƙwalwa, irin tata kuma ta ɓace a kasuwa.

Ni cewa na yi a bar ta a ƙara mata murya. Na zauna na haɗa wani ɗan allo, bai fi kwalin ashana ba, da zai karɓi biyar ɗin nan ya ɗaga ta zuwa sha biyu. Ɗagawar ma ba ita ce wahala ba, riƙewar ce. Idan aka buga kik batir yana faɗuwa har tara, idan inji ya tashi caja tana tunkuɗo sha huɗu, shi kuwa bugun dole ya tsaya cak a sha biyu, kada ya ragu nozul su yi shiru, kada ya haura ya ƙona akwatin. Kwana huɗu ina kai, hayaƙin dalma ya mayar da idanuna jawur. Ranar Juma'a da yamma na murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Na kashe na sake har sau goma. Na ɗauki ƙarar injin a waya na tura wa Ticha.

*Wannan muryar wace ce?*

*Ta kishiyata,* na rubuta masa. *Ka ce ita za ka aura.*

*Na fasa. Gobe ƙarfe sha ɗaya muna tafe ni da Abba. Kin san yau har ya tambaye ni wane launi kika fi so?*

Na rungume wayar nan kamar sakarya.

Yanzu sai in faɗa muku abin da ban taɓa rubutawa ba. Idon Baba yana tafiya. Ya fi shekara da na lura. Ya daina karanta mita, sai ya miƙo min ya ce hannunsa da baƙin mai, ko ya ce mitocin zamani ƙarya suke yi. Jar waya da ruwan ƙasa sun zame masa ɗaya. Bai taɓa furtawa ba, mu ma ba mu taɓa ba. Abin da ya rage masa fitilar gwajinsa ce: ƙwan fitila a cikin mariƙin sukundireba, da waya mai ɗan maƙali a wutsiya. Ka maƙala a batir, ka taɓa waya da tsinin, idan ta kawo haske ka san hanya a buɗe take. Haske dai yana iya ganinsa. A kan hon da fitilun gaba da kik babu abin da ya fi ta. Amma siririyar wayar ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukarta, domin ƙwan zai kwararo mata wutar batir gaba ɗaya. Na taɓa gaya masa sau ɗaya, ya yi dariya ya ce, "Fitilar nan ta girme ki, Injiniya. Ƙwai ne fa, me ƙwai zai ƙona?" Daga nan ban sake ba. Sai dai duk motar da ke da ƙwaƙwalwa in yi wuf in karɓe, in bar masa tsofaffin, shi kuma yana ta yi wa abokansa alfaharin 'yarsa ba ta son ya wahala.

Asabar da safe na kwance tef ɗin da na naɗe wayoyin da shi, ina so in sa su cikin bututun roba su yi kyan gani. Tsohon hedimasta ne, na san zai leƙa. Ina tsaka da haka Umma ta leƙo ta ƙofar gida.

"Ke mai baƙin farce, a haka za ki gaishe da surukinki? Sha ɗaya saura ashirin!"

"Umma minti biyar."

"Ko minti ɗaya. Wuce!"

Na kalli wayoyin a buɗe, na kalli Baba yana shan shayi a kan bencinsa. Na ce, "Baba, don Allah kada kowa ya taɓa, yanzu zan dawo." Ya ɗaga kofinsa ya ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Umma ta zaunar da ni a bakin gado ta kama yatsuna da lemon tsami da tsohon buroshin haƙori, tana gurza tana mita. Ta fito min da doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, wadda yayata ta ba ni ban taɓa sawa ba, da mayafi mai ruwan madara. Ta sa min kwalli da hannunta, ta fesa min turarenta da take ɓoyewa a ƙasan akwati. Da ta ja baya ta kalle ni sai idonta ya ciko. Ta ce, "Ashe dai mace na haifa." Na yi dariya, ita ma ta yi.

Ina sa ƙafa a gareji na ji ƙaurin. Ɗan kaɗan ne, wanda bai san shi ba ba zai ma lura ba.

Baba yana tsaye a gaban bonet yana goge hannu da tsumma, fuskarsa fal murmushi. "Na ga kin bar su a buɗe, na ce bari in bi miki su ɗaya bayan ɗaya kafin baƙi su zo. Duk lafiya lau, kowace ta kawo haske. Aikinki ya yi kyau."

Maƙalin fitilar yana nan a kan batir, tsininta kwance kusa da siririyar wayar.

Sai ga sallamar Ticha da mahaifinsa. Na zare fitilar na tura ta ƙarƙashin mayafina, na juya ina gaishe su. Hedimasta dogo ne siriri, fararen kaya, tabarau rataye a wuya. Ya amsa gaisuwata da fara'ar da ban taɓa gani a wurinsa ba, har ya ce, "Yau Injiniya ta koma amarya." Ticha yana bayansa yana ɗaga min gira.

Tsohon ya buɗe ƙofa ya zauna. Sai da ya shafa sitiyari, ya gyara wani ɗan carbi da ke rataye a madubi, na matarsa ne, sannan ya murɗa makulli. Kik ya juya, ya juya. Shiru. Ya sake. Ya sake na uku, har Ticha ya ce, "Abba dakata, kada batir ya mutu."

Na ɗauko mita na ɗora a kan wayar na ce a sake bugawa. Na riga na san abin da zan gani. Babu biyar, babu ko ɗaya.

"'Yata, me ya faru? Jiya na ji ƙararta da kunnena."

"Ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, Abba."

"Wadda aka ce babu irinta?"

"Ita."

Ya cire hannunsa daga sitiyari a hankali. "Me ya ƙona ta?"

Ku da kuke karantawa, na san wasu za su ce da kin faɗa kawai. Ku zo ku tsaya inda na tsaya. Baba yana gefena, ya sa sabuwar hularsa saboda baƙi, ko kaɗan bai kawo a ransa shi ne ba. A gaban surukinsa zan ce tsohon nan ba ya gani, ya ƙona motar matarka da abin da yaro ɗan wata shida a sana'a ya san ba a yi?

Na ce, "Allon da na haɗa ne. Ya saki wuta ta koma baya. Kuskurena ne."

Kafin kowa ya yi magana Baba ya matso ya kama hannun Hedimasta da hannu biyu. "Don girman Allah ka yi haƙuri. Yarinya ce, har yanzu koyo take. Laifina ne da na sakar mata aiki irin wannan ita kaɗai."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Hedimasta ya ce babu komai, haka Allah ya so. Ya zare carbin daga madubi ya sa a aljihu. Bai sha ko ruwan da Umma ta aiko da shi ba. Da la'asar aka zo aka ja motar.

A kicin Umma ta ritsa ni, ban ma cire rigar ba. Ta ce ita ba ta yarda ba, ta san ni, ba na cewa abu ya yi sai ya yi. Na zaro fitilar daga mayafi na ajiye a kan tebur. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ja kujera ta zauna.

"Ki kira yaron nan ki faɗa masa."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Kina tsammanin ke kaɗai kika san halin da yake ciki? Wa yake ajiye masa takalmi a wuri ɗaya kullum? Wa yake karanta masa saƙon waya yana cewa rubutun ne ya yi ƙanana? Mijina ne tun kafin ya zama ubanki, na fi ki jin zafinsa. Amma shi ya yi rayuwarsa, Auta. Ke ko farawa ba ki yi ba."

"Umma, garejin nan shi kaɗai ya rage masa. Ranar da ya san shi ya yi wannan, ba zai sake ɗaga bonet ba. Zama zai yi a ɗaki har ya mutu."

"To ke kuma ki zauna a gareji har ki tsufa kina rufa masa asiri! Wata bakwai ina roƙon Allah ya kawo mutumin nan gidan nan, ya zo da ƙafarsa, kin kore shi da ƙarya."

Ta fashe da kuka, na fashe da kuka, tukunya tana ƙonewa babu wanda ya tashi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kirkin Baba. Lahadi da safe da kansa ya haɗa min shayi. Ya ce kada in sa damuwa, shi ma yana saurayi ya taɓa ƙona wayoyin babbar mota gaba ɗaya. Ya ce daga yau duk abin da zan haɗa zai riƙa tsayawa a kaina yana duba min. Na ce to, Baba. Ya tambaye ni ko na ga fitilarsa, na ce ban gani ba.

Ticha bai kira ba sai ranar Litinin da rana, shi ma saƙo ne.

*An kai motar wurin wani mai gyara. Ya gwada allonki a kan teburi. Sha biyu cak, ko ya rage wuta ko ya ƙara. Ya ce aikin gwani ne, har yana tambayar wa ya haɗa.*

Wani saƙon ya sake shigowa.

*Ya buɗe ƙwaƙwalwar. Ya ce wutar batir aka tura mata kai tsaye ta wayar nozul, kuma fitilar gwaji ce ke yin haka. Ke da kika ce min ko taɓa irinta ba kya yi.*

*Ranar na yi.*

*Kada ki yi min haka. Na san wa kike karewa, Abba ma ya sani. Ba motar ce ta dame shi ba. Cewa ya yi zai iya zama da suruka mai kuskure, amma ba zai iya da wadda ta kalli idonsa ta faɗi abin da ba haka ba. Shekara talatin yana korar ɗalibai a kan wannan.*

*Idan na faɗa fa?*

*Zai zo. Amma kin san shi, sai ya zauna da Baba ya gaya masa, don kada gobe a ƙona ta wani.*

*To ka ce masa ni ce.*

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Daga ƙarshe abin da ya zo shi ne: *Ina sonki. Amma ba zan iya kawo shi da ƙarfi ba.* Na kifa wayar a kan katifa. A raina na ce shi ke nan, na zaɓa, Allah ya ba ni ikon ɗauka.

Talata bayan la'asar ina tsakar gida ina wanke rigar aiki, Umma tana tsince shinkafa, sai ga Baba ya fito daga ɗaki cikin manyan kayansa masu ruwan sararin sama, waɗanda ba ya sawa sai da dalili. Ya sa turare. Ya laluba da ƙafa ya zura takalminsa.

Umma ta ce, "Malam, ina zuwa haka?"

"Gidan Hedimasta. Ba zan zauna auren 'yata ya lalace a kan ɗan kwalin ashana ba. Zan gaya masa yarinyar nan ba ta da sakaci. Ni da kaina na bi wayoyin nan da fitilata kafin su iso, ɗaya bayan ɗaya, har siririyar nan ta nozul, duk suna lafiya. Abin zamani ne kawai ya ci amanarta."

Tiren ya tsaya a hannun Umma. Ni kawai take kallo.

Na ga abin kamar a gabana: Baba a falon mutane yana faɗar wannan da ƙarfin gwiwa, Hedimasta yana sa tabarau yana shirin yi masa bayani. Na miƙe, kumfa na zuba daga hannuna.

"Baba, kada ka je."

"Don me?"

"Ka zauna tukuna."

"Ke, rana tana faɗuwa."

Na durƙusa a gabansa na riƙe bakin rigarsa da jiƙaƙƙen hannuna. Na ce, "Allon lafiyarsa ƙalau, an gwada. Fitilar ce, Baba. Wayar nan biyar take ɗauka, fitilar ta tura mata wutar batir. Tun kafin su shigo ta ƙone. Na ji ƙaurin."

Ya buɗe baki zai yi dariyar nan tasa, ba ta fito ba. Ya juya wajen Umma, ta sunkuyar da kai. Ya laluba bayansa ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ruwan wankina yana ta malala ƙarƙashin takalminsa bai janye ƙafa ba.

"Na tsaya a gaban mutumin nan," ya ce a hankali, "na ce masa koyo kike."

"Babu komai, Baba."

"Da komai."

Ya share fuskarsa da tafin hannu, ya mayar da hular, ya miƙe. Na ce don Allah ya bari, ni zan je, ni na yi ƙaryar. Ya ce a'a, ɗazu ma da zai tafi bai san abin da zai kai ba, yanzu ya sani. Ya taka har bakin ƙofa, ya dafa bango, ya tsaya. Bai juyo ba.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Sa mayafinki ki raka ni bakin titi ki tsayar min da mota. Ba na ganinsu sai sun zo dab da ni."